Yaya zai sayar da tumakin Inna ya sayo kafson Akkermansia, ita kuma ta ajiye maganin asibiti

Ga saƙon da ya shigo mini daren jiya, na ɗan rage shi:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni daga wani ƙauye nake a gefen Gumel. Innarmu ce ke da ciwon suga shekara uku kenan, ana bata metformin a asibiti amma tun farko tana kukan yana murɗa mata ciki yana sata zawo. To yayanmu dake aiki a Kano ya ga wani bidiyo a TikTok wai akwai wata ƙwaya Akkermansia da Turawa suka gano a hanji, wai rashinta ne ke kawo suga da ƙiba, in aka sha kafsonta wata uku an rabu da ciwon kwata-kwata. Ya samu mai sayarwa a WhatsApp, kwalba ɗaya dubu 80 kuma sai an sha uku. Ya ce ranar Alhamis za a kai tumakin Inna guda biyu kasuwar Maigatari a haɗa kuɗin. Inna tunda ta ji labarin ta daina shan na asibiti, sati uku kenan, ni na tsinci ƙwayoyin a cikin kwallarta ƙarƙashin gado. Yanzu tana tashi fitsari sau huɗu sau biyar da dare kuma ta rame. Da na yi magana Yaya ya ce ni yarinya ce me na sani, wai ko dai tumakin nake wa ido ne. Wallahi Anti maganar nan ta min ciwo. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne.

Tohm, maganar Yaya da tumaki da kafso duk zamu zo kansu, amma akwai abinda ya hanani barin saƙonki ya kwana biyu a wayata. Sati uku ba magani, ga tashi fitsari sau biyar, ga rama, wannan alamar suga ne ya hau sosai. Kar ki jira Alhamis, kar ki jira sai an gama musu a gida. Gobe da sassafe tun kafin ta sa ko kunu a bakinta ki ɗauketa kuje babban asibitin Gumel ko duk wani ƙaramin asibiti mafi kusa daku dake da injin gwajin suga, a ɗan soki yatsa a ga lambar, kuma ki tafi da ƙwayoyin nan da kika tsinta a kwalla ki nuna musu ki faɗi gaskiyar kwana nawa bata sha ba, kar ki rufa mata asiri a gaban likita dan ba faɗa zai mata ba. In kuwa kafin safiyar kika ga tana ta barci ana tashinta da ƙyar, ko magana na rikice mata, ko amai, ko bakinta ya bushe ƙamas tana ɗirkar ruwa bata ƙoshi, to ko ƙarfe biyun dare ne a buga ƙofar mai mota.

Yanzu ƙwayar. Abinda ya sa maganar nan ke da wuyar warwarewa shine Yayanki bai ƙirƙiri komai ba, ƙwayar akwaita da gaske, kuma malaman kimiyya na kirki ne suke aiki a kanta. Cikakken sunanta Akkermansia muciniphila. A shekarar 2004 aka fara ware ta daga bayan gidan ɗan Adam a jami'ar Wageningen dake ƙasar Holan, wata ɗaliba Muriel Derrien ce ta yi aikin a ƙarƙashin malaminta Willem de Vos, suka laƙaba mata sunan wani masani ɗan ƙasar, Antoon Akkermans. Bakteriya ce, amma ba irin mai sa cuta ba, irin waɗanda ke zaune a hanjin kowa ne, ni dake da Inna duk ana sa ran muna ɗauke da ita tun muna yara, a jikin mai lafiya takan kai kamar kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na bakteriyar hanjinsa. Kin san yauƙin kuɓewa ko? To bangon hanji ta ciki akwai wani yauƙi irin wannan da ya lulluɓe shi kamar yaɓen ɗaki, shi ke hana ƙazantar cikin hanji taɓa naman kai tsaye. Ita wannan ƙwaya a cikin yauƙin take zaune kuma shi take ci, in ta ci sai hanjin ya sake yin sabo, kamar dai yadda ake kankare tsohon yaɓe a sake wani kafin damina.

Masu bincike sun lura mutane masu ƙiba da masu suga sau da yawa tana da ƙaranci a hanjinsu. A nan ne masu bidiyo suke yin tsalle su ce ai rashinta ne ya kawo ciwon, alhali ganin abu biyu tare bai nuna wanda ya haifi wani ba, zai yiwu ciwon da irin cimar mutum ne suka rage ta. A 2013 ƙungiyar wani farfesa Patrice Cani a jami'ar Luven ta Beljiyam suka ba ɓerayen da aka ɗurawa abinci mai maiƙo wannan ƙwaya, kitsensu ya ragu jikinsu ya fi sarrafa suga. Ɓeraye fa. Bayan nan suka gano wani abin mamaki, in aka ɗumama ta a zafin digiri 70 na minti 30 ta mutu, gawarta ma tana aiki a jikin ɓerayen har ta so ta fi mai ran, saboda wani sinadari dake jikin fatarta da zafin baya lalatawa.

Sai 2019 aka buga gwajin farko a jikin mutane, kuma ina so ki riƙe lambobin nan da kyau dan sune zaki gayawa Yaya. Mutum 40 aka ɗauka, 32 suka kai ƙarshe. An raba su kashi uku, wasu mai rai, wasu matacciyar, wasu kafson da ba komai a ciki dan a kwatanta, kenan kowane ɓangare mutum goma ne da 'yan kai, ko ajin islamiyyar ƙauyenku ya fi su yawa. Wata uku suna shan ƙwaya biliyan 10 kullum. Abinda aka samu, bata cutar da kowa ba, waɗanda suka sha matacciyar jikinsu ya ƙara jin insulin, wato sinadarin da jiki ke yi dan sauke sugan jini, da kusan kashi 28 cikin 100, kitsen jininsu ya sauka da kusan kashi 9, nauyi kuma wajen kilo 2 ne ya ragu wanda su kansu masu binciken basu kafa hujja dashi ba dan bai kai a ce ba dace bane. Sakamako ne mai daɗin ji ga masu bincike, yana cewa a ci gaba da tono. Amma su waye mutanen? Turawa ne masu ƙiba waɗanda suke bakin kamuwa da suga, basa kan maganin suga, ba wanda aka karɓe masa magani aka bashi kafso a madadinsa, kuma ba wanda aka ce ya warke daga komai. Innarki kuwa ciwon ya riga ya zauna shekara uku kuma ramewa take. Kinga ko kusa ba irinta aka gwada ba. Sannan ba ɓoyayyen abu bane cewa Cani da de Vos sun kafa kamfanin dake sayar da ita, ban ce sun yi ha'inci ba, haka harkar take a can, amma dai mai tallan fura bazai ce miki nononsa ya yi tsami ba, shi yasa ake jiran wasu daban su maimaita da mutane da yawa.

An yi wani gwajin a ƙasar Sin da aka buga a 2025, wannan kam masu suga ne masu ƙiba, mutum 58, sati 12. Da aka haɗa kowa da kowa ba a ga wani bambancin kirki tsakanin masu shan ta da masu shan kafson banza ba, sai a waɗanda dama can ƙwayar ta yi ƙaranci a hanjinsu ne aka ga ta ɗan taimaka. To wa ya auna hanjin Inna ya ce tata ta yi ƙasa? Mai WhatsApp?

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2021 ta ce matacciyar bata da haɗari ga manya, banda masu ciki da masu shayarwa. Masu talla suna son ɗaga wannan su ce ai Turai ta amince. Abinda ta amince dashi shine a sayar a matsayin ƙarin abinci, wato in ka sha bazata kashe ka ba. Lasisin magani wata ƙofa ce daban kuma bata shige ta ba.

Ga kuma abinda zai baki dariya ko haushi. Shi wannan metformin ɗin da Inna ta tura ƙarƙashin gado, bincike a ɓeraye da a mutane ya nuna masu shan sa sukan fi samun yawan Akkermansia a hanji. Wato abinda Yaya zai sayar da tunkiya biyu ya nemo, akwai alamar ƙwayar asibitin mai araha tana kiwata shi a ciki kyauta. Kuma metformin ba baƙo bane, tun 1957 aka fara ba masu suga a Faransa, sannan wani babban bincike a Birtaniya da ya bi masu suga sama da 5,000 tsawon shekara 20 ya nuna a 1998 cewa masu ƙibar da aka ɗora a kansa sun fi tsira daga ciwon zuciya da mutuwa. Ki ɗora wannan a sikeli ɗaya, mutum 32 na wata uku a ɗayan.

Amma fa kukan Inna gaskiya ne, kar ku maida ta mai raki. Metformin yana murɗa ciki, yana sa zawo da tashin zuciya, wasu har ɗanɗanon ƙarfe suke ji a baki, kuma tsohuwa mai alwala sau biyar ga masai a bayan gida can ƙarshen tsakar gida ace kullum tana zarya, ai dole ta tsani abin. Shekara uku tana faɗa ba wanda ya gyara mata, sai ga ɗanta ya zo da labarin wata uku an gama, ni ma da zan ji daɗin labarin. Wannan murɗar cikin kuwa matsala ce mai gyaruwa. Yawanci in ana shan sa a tsakiyar cin abinci ba da wofin ciki ba yana sauƙi, likita kan iya rage yawan ya dinga ƙarawa a hankali, akwai kuma samfurinsa mai narkewa sannu-sannu da baya damun ciki sosai, in duk bai yi ba akwai wasu magungunan daban. Tunda ta yi sati uku bata sha ba kar ki ce ta koma kan yadda take sha da kanki, likitan ne zai ce ga ta inda za a fara bayan ya ga lambar, wataƙila ma ya duba ƙodarta. In Gumel suka ga abin ya fi ƙarfinsu zasu tura ku asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano.

Ni abinda yasa bana wasa da maganar ajiye magani, wani kawuna ne. Ranar kasuwa motar masu magani mai lasifika ta tsaya, ya sayi jarkar wani baƙin ruwa mai ɗaci aka ce masa ɗaci ke kashe zaƙi, ya watsar da ƙwayoyinsa. Wata biyar yana cewa ai shi ya warke dan baya jin komai. Ran nan ya dawo daga gona zai cire takalmin roba ya ƙi fita, sai da yaro ya ja da ƙarfi, ashe ƙayar aduwa ce ta huda takalmin ta shige tafin ƙafar tun safe yana takawa bai sani ba, sugan ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji. Ina tsaye a wajen, shi yana dariya yana cewa ai ba zafi, ni kuma cikina ya ɗuri ruwa dan na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwajen asibiti na san me rashin zafin ke nufi. Yatsu biyu aka cire masa. Dan haka yau da daddare ki haska tocila ki duba ƙafafun Inna har tsakanin yatsu, kuma ta daina yawo a tsakar gida ba takalmi.

Mu ma ɗauka kafson yana da amfani, me ke cikin kwalbar mai WhatsApp? Ita Akkermansia mai rai iska ma bata so, a wurin da ba iskar shaƙa take rayuwa, shi yasa noman ta ke da wuya kuma take da tsada, masu sayar da mai ran ma cewa suke a ajiye a firji. Ki auna kwalbar da ta taso daga wata ƙasa, ta kwana a shago a Kano ba wuta, ta hau gaban motar haya zuwa Gumel cikin zafin bazara, ta sauka a ɗakin kwano. In kuma matacciyar ce to da ido ba mai bambance ta da garin rogo a kafso. Yaya ya tambayi mutumin lambar NAFDAC, ya duba ta da kansa a kundin hukumar na intanet da suke kira Greenbook, ya tambayi sunan kamfanin da adireshin wanda ya shigo da kayan. Duk wanda ya ce miki ƙarin abinci yana warkar da suga cikin wata uku, daga nan ma kin san da wa kike magana, dan ko kamfanonin da suke yin ta na ainihi basa rubuta haka a kwalbarsu.

Wani abu kuma da bidiyon bazai faɗa ba, yawanta ba kullum ne alheri ba. An ga ta da yawa fiye da kima a hanjin wasu masu ciwon karkarwa na Parkinson, ba a ce ita ta kawo ba amma dai an gani. Sannan a 2016 an yi gwaji da ɓerayen da aka hana abinci mai harza, wato irin ɓangaren ganye da wake da dusa da ciki baya narkarwa, sai ƙwayoyin dake cin yauƙi, har da ita, suka yi yawa suka cinye yaɓen hanjin ya zama siriri cuta ta samu ƙofa.

Wannan maganar harza ita ce inda nake ganin ku a ƙauye kun fi mai bidiyon arziki. A 2010 wasu masu bincike 'yan Italiya sun kwatanta bayan gidan yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Firenze. Yaran ƙauyen cimarsu gero da dawa da wake da ganye, kusan abinda ke rumbunku, aka tarar hanjinsu ya fi yawan ire-iren bakteriya kuma ya fi samar da sinadaran dake ciyar da bangon hanji. Ban ce miki miyar kuka zata ƙara Akkermansia kaza cikin ɗari ba, kuma kindirmo da daddawa ƙwayoyinsu daban ne ba ita bace. Abinda na sani shine wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi tas ba suna rage saurin hawan suga bayan cin abinci, wannan tsohon sani ne da ba musu a kai. Dan haka malmalar tuwon Inna ta ragu miya ta ƙaru, kuka, kuɓewa, lalo, yakuwa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli, wake a dafa mata shi da kansa ba sai an nutsar dashi a shinkafa ba, in za a yi surfe a bar ɗan dusa. Fura kuwa kaɗan, ba suga ba zuma, da nonon da aka tafasa madararsa. Shayi mai cokali uku da burodi da lemon kwalba da 'yan dubiya ke kawowa, a ba jikoki. Ba sai an mata tukunya daban ba, dan tsofaffinmu in aka ware musu abinci gani suke an fara sallama dasu.

Saura Yaya. Maganar da ya gaya miki bata dace ba kuma kina da gaskiyar jin ciwo, amma ki dubi inda ta fito. Mutum ne yana Kano uwarsa na ƙauye tana ramewa, kece kike wanke mata kike ganinta, shi abinda yake iyawa kawai ya nemo ya biya, sai ya zo da abinda yake ganin ceto ne ƙanwarsa ta ce masa a'a, sai ya ji kamar an ce bai iya kula da uwarsa ba. Ba ina wanke shi bane. Ina gaya miki ne dan kar ki shiga fagen waye ya fi sani, a can ba zaki ci ba ko da kin fi shi hujja. Kar ki yi masa maganar a gaban Inna ko matarsa ko a guruf ɗin gida. Ki bari sai kin fito daga asibiti da takarda a hannu, ki ɗauki hoton lambar ki tura masa, ki kira shi ki ce Yaya ga abinda aka samu, ga likitan ma yana kusa ko zaka ji daga bakinsa. Lambar zata yi maganar da ke baza ki iya ba. Kuma kar ki ce masa an damfare shi, ki ce masa ƙwayar gaskiya ce kin bincika, amma waɗanda suka gano ta ma basu ce a ajiye magani ba, ki roƙe shi abu ɗaya tak, shi da bakinsa ya kira Inna ya ce ta bi abinda likita ya ce, dan maganarsa ce ta sa ta ajiye, maganarsa ce kuma zata fi saurin sa ta ɗauka. In ya cije akwai kawu ko baffa ko limamin da yake jin nauyi, ki bi ta nan a sirrance.

Tumakin kuwa na Inna ne, ba naki ba ba nasa ba, a tambaye ta bayan ta ji bayanin likita. In har sai an sayar da wani abu to ɗan abinda bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba zai sai muku injin gwajin suga na gida da tsinkensa da maganin watanni da kuɗin motar zuwa asibiti, ki ba Yaya wannan ya zama shi ya sayo daga Kano da hannunsa, a kemis mai rajista, kinga bai tashi a tutar babu ba. In bayan sugan ya daidaita har yanzu ransa na kan kafson kuma da kuɗin aljihunsa ne, ya kai kwalbar gaban likitan Inna ya gani, in ya yarda a ɗora akan magani, ba a madadinsa ba. Ni dai da kuɗina ne bazan saya ba a yanzu.

Zancen wai kina wa tumaki ido, ki barshi ya kwanta tukunna, ba wannan satin ba. In Inna ta miƙe ki same shi ku biyu ki ce Yaya maganar nan ta tsaya min a rai, sau ɗaya, ba kuka ba tsawa.

Gobe in kun fito ki turo min lambar da aka samu da abinda likitan ya rubuta, kuma ki gaya min me kika gani a ƙafarta.